Lome zuwa Aneho da iyali: ko motar yini guda tana biyan kuɗinta?

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan ƴan kasuwarmu suka koma sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, Damagarawa da yawa sun ƙara daɗewa a Togo, wasu har suna ɗauko iyali in an yi hutun lakwal. Yaron da ya taso tsakanin Birni da Zango na Damagaram kuwa, abin da zai fara roƙo shi ne a kai shi ya ga teku. Masu motocin haya na Zongon Lome sun san da haka, shi ya sa da yawansu ke da abin da suke kira yawon yini guda: mota da direba daga safe zuwa magariba, a bi hanyar gaɓa zuwa Agbodrafo da Aneho, a tsallaka tabkin Togo da kwalekwale, a biyo ta tsohuwar gadar jirage ta Lome, wadda ƴan gari ke kira waf. Wannan hidima ce za mu auna. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, don tsari ɗaya ne a hannun mutane da yawa, kuma direban da ya yi kyau bana yana iya sayar da motarsa baɗi.

Abu uku ake tallata yawon da su: wankan teku, hawa gada, tsallaka tabki. Na ukun kaɗai ake samu yadda aka faɗa. Wankan tekun haɗari ne, hawa gadar kuma ba ya yiwuwa. Duk da haka hidimar ta cancanci kuɗinta ga iyali mai mutum biyar zuwa takwas, in maigida ne ya tsara yinin, bai bar wa direba ba.

A fara da ciniki, don nan yawancin rigimar take fitowa. Kuɗin da direba zai faɗa da farko na mota ne da wahalarsa. Kafin a ce an shirya, Alhaji, a tambaye shi abu biyar ɗaya bayan ɗaya: mai, kuɗin peyaji na hanyar Aneho, kuɗin kwalekwale zuwa da dawowa, kuɗin shiga wuraren tarihi, da abincinsa na rana. Duk wanda ba a ambata ba, zai taso a tsakiyar hanya, lokacin da yara sun riga sun ga ruwa kuma ba a iya cewa a koma. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa mai da peyaji cikin kuɗin mota, kwalekwale da wuraren shiga kuma maigida ya biya da hannunsa. In aka ba direba ya biya, ba cuta ce lallai zai yi ba, amma zai kai ku wurin mai jirgin da ke ba shi la'ada, ba wanda ya fi jirgi mai kyau ba. A ba da rabin kuɗi da safe, a riƙe rabi. Kuɗin dai sefa ce irin tamu, babu zancen canji, sai dai a tanadi ƙananan takardu na jika da na dala ɗari, da tsabar silalla, don mai kwalekwale da mai sayar da kwakwa ba sa taɓa samun canjin jika goma.

A duba motar tun daren jajibiri. Abin dubawa shi ne taya ta ajiya da jak, kujerun baya ko suna da bel, da kuma na'urar sanyi. A Damagaram mutum yana iya tafiya da gilashi buɗe, iska ta busar da shi. A bakin teku iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, yaro ƙarami yana galabaita a zafin da a gida ba za a ko kula da shi ba. Motar da na'urarta ta mutu ba ta kai kuɗin yini guda ba, ko da an rage.

Agogon Togo yana bayan na Nijar da awa guda. Wayar da ba ta gyara kanta ba tana sa a tashi yara da wuri ko a saɓa alkawari da direba. Rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, duhu na rufewa da sauri. Zongon da mutanenmu ke sauka, wanda aka tayar daga tsakiyar gari aka mayar Togblekope a 1977, yana arewa da gari kamar kilomita 15, saboda haka a fita ƙarfe 6 da rabi, a bi babbar hanyar kewaye da ke fitowa wajen tashar jirage, kada a ratsa cikin gari. In aka makara, manyan motocin tasha da ƴan kabu-kabu, waɗanda can ake kira zemijan, sukan cinye awa guda kafin a fita Lome. Kowane babba ya riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo da katin rigakafin shawara. Aneho dab take da iyakar Benin, ana iya tsayar da mota a tambaya.

Daga Lome zuwa Aneho kamar kilomita 45 ne, kwalta ce duka. Direba mai kirki zai ɗan tsaya bayan an wuce tasha ya nuna inda teku ya ci ƙasa. Abin yana da dalili: yashin wannan gaɓa tafiya yake daga yamma zuwa gabas, igiyar ruwa na tura shi. Da aka gina tashar ruwa mai zurfi, wadda aka buɗe a 1968, katangarta ta tare yashin. Yammacin tasha ya yi ta samun fili, shi ya sa rairayin cikin Lome ke da faɗi, gabashinta kuma teku ya shiga ɗibar abin da ba a kawo masa ba. Tsohuwar hanyar gaɓa ta tafi cikin ruwa, gidaje sun bi ta. Jerin manyan duwatsun da za ku gani sun miƙa cikin teku wajen Agbodrafo da Aneho an zuba su ne don su riƙe yashi. A Kpeme kuma za ku hango wata doguwar gada, ta wuce kilomita guda cikin teku. Wannan tana aiki, da ita ake loda wa jirage fosfat da ake haƙowa wajen Hahotoe. Ba wurin baƙi ba ne, a kalla daga nesa a wuce.

Yawancin direbobi suna so a fara da Aneho, a bar tabki sai bayan azahar, don ya dace da abincin rana da hutunsu. Kada a yarda. Da safe tabkin Togo kwance yake. Da rana ta take, iskar teku na tasowa, ruwa ya fara ƴan tsalle-tsalle, kwalekwale na rangaji, ana fesa wa na gefe ruwa. Hajiyar da ba ta taɓa shiga jirgi ba za ta tsani yinin gaba ɗaya. A isa mashigin Agbodrafo kafin ƙarfe 8 da rabi.

Tsallakawar nan ita ce mafi kyawun abin da ake sayarwa. Tabkin ba shi da zurfi sosai, har mai jirgi kan tura shi da doguwar gora a maimakon inji, tafiyar kamar minti 20 zuwa rabin awa. Amma rashin zurfi ga mai gora ba rashin zurfi ba ne ga ɗan shekara biyar. A nemi rigar ceto kafin a biya, a ƙirga su da yawan mutane, a duba maɗaurinsu. Inda hidimar ta fi gazawa ke nan: rigunan, in ma akwai, na manya ne, yaro kuma in aka sa masa babba, da ya faɗa ruwa rigar za ta taso sama ta bar shi ƙasa. Wanda ke da ƙananan yara ya sayi daidai jikinsu a Lome tun kafin ranar. Ba asara ba ce, za a sake amfani da su. Wajen shiga, babba ɗaya ya fara shiga ya zauna tsakiya, a miƙa masa yara ɗaya-ɗaya, mai nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa, kowa ya bar gefe. Ba a tsayawa don ɗaukar hoto. A dubi cikin jirgin: ɗan ruwa a ƙasa da gwangwanin kwarfa abu ne da aka saba, amma in ana kwarfa tun ba a tashi ba, a nemi wani. A yi jinga a kan zuwa da dawowa tare, a kuma hana a ƙara fasinjoji a kanku bayan kun biya jirgin duka. Mata su naɗe mayafi da zane da kyau, don a wasu lokutan jirgin ba ya kai wa tudu, sai an ɗan taka ruwa.

Togoville, garin da ke ɗaya gefen, shi ne ƙasar ta ci sunansa. A Yulin 1884 Bajamushen nan Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniya da wakilan sarkin garin, Mlapa, wadda ta sa yankin ƙarƙashin Jamus. Ga ɗan Damagaram mutumin ba baƙo ba ne sosai: shi ne ya ratso Sahara ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtukan sarkin Prusiya zuwa ga Shehu Umar na Borno. Masu rakiya na garin ba sa kawo wannan, maigida ya faɗa wa yara da kansa. Akwai babbar majami'a da aka gina a 1910 zamanin Jamusawa, wadda Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarta a 1985. Akwai kuma wuraren bautar gargajiya, vodu, a cikin unguwanni, kuma mai rakiya zai kai ku can kai tsaye in ba a ce masa komai ba. Iyalin da ba sa so su faɗa tun a bakin ruwa, cikin ladabi. Waɗanda suka je kuma kada su ɗauki hoto ba izini. Awa guda ta isa garin.

Da an dawo Agbodrafo sai gidan bayi, wanda aka gina wajen 1835, lokacin da Ingila ta riga ta hana cinikin bayi, ana yin sa a ɓoye. Sama falo ne da ɗakunan ƴan kasuwa, ƙasa rami ne da ake shiga ta wata ƴar ƙofa a daɓen falon, tsayinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, babba ba ya miƙewa. Mai ciwon gwiwa, mai asma da yaron da ke tsoron duhu su tsaya sama. Bayanin da ake yi da Faransanci ne, ɗan lakwal zai iya fassara wa iyaye. Wurin ya shafe mu fiye da yadda ake zato: cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar nan, daga nan har Wida ta Benin da Ikko, akwai Hausawa, kuma Musulmi bayi, Yarabawa da Hausawa, su ne suka yi tawayen birnin Salvador na Brazil a 1835. Minti 40 a nan ya fi awa biyu a rairayi amfani.

Aneho ƙaramin gari ne mai tsofaffin benaye, a matse tsakanin teku da tabki. Nan Jamusawa suka yi mazaunin mulki kafin su mayar da shi Lome a 1897, garin ya zauna da tarihinsa. Wanda ya san yadda aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926 ba ya buƙatar dogon bayani. Abin kallo shi ne bakin da ruwan tabki ke haɗuwa da teku, da jiragen masunta masu fenti.

A nan ake cin abincin rana, a nan kuma direba ke kai mutane wurin da ya saba. Kifi ne abin ci. A zaɓe shi ɗanye kafin a gasa: ido garau, cikin kunnen ja, tsoka in an danna ta dawo. A yi ciniki kafin ya hau wuta. Ana haɗa shi da soyayyar doya da suke kira koliko, ko ablo, wani farin abinci mai laushi da ake turarawa, ko tuwon masara, akume, da miyar lalo da suke kira ademe. Yajinsu ɗanyen barkono ne mai zafi ƙwarai, a ce a zuba shi gefe. Jatan lande da ƙaguwa halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, amma wanda bai taɓa ci ba ya ɗanɗana kaɗan, don wasu jikinsu na yin ƙaiƙayi da kumburi, kuma nesa da gida ba wurin gwaji ba ne ga yaro. Nama kuwa a bar shi. Gidajen abinci da yawa a gaɓar suna dafa alade suna sayar da giya, a tambaya ko waya ɗaya ake gasa kifi da nama. Gasa kifin mutum takwas yana ɗaukar kusan awa guda, saboda haka a ba da oda, a je a yi salla, a dawo. Uwargidan da ta taho da dambu ko ƙilishi da biredi ta ceci yini, don yara ba sa jiran gawayi. Ruwan sha a lissafa buteli ɗaya na lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, da biyu na ƙari, a saya a Lome.

Salla ba ta da wuya. A taho da tabarma da buta. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, amma a sa babba ya ɗebo a buta, kada a tsuguna a bakin igiya. Alƙibla kuma, a sa teku a hannun dama, a fuskanci wajen Benin, a ɗan karkata hagu.

Sai zancen wanka, wanda a kansa ne muke rage wa hidimar daraja sosai, don direbobi kaɗan ne ke yin gargaɗi. Yaron da ya iya iyo a tabkin Gidimuni yana ganin ya san ruwa, alhali tabki ba ya ja. Gaɓar Togo gangare ce mai tsini, igiyar ruwa na zuwa daga nesa ta fashe dab da tudu da ƙarfinta duka, sannan ruwan da ya hau yashi ya koma da gudu yana zare yashin ƙarƙashin ƙafa. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, sai ya ji ƙasa ta gudu. Igiyoyin ba girmansu ɗaya ba: ƙanana da yawa su wuce, a saki jiki, babba ta zo. Ga kuma hanyoyin da ruwa ke bi ya koma cikin teku, masu jan mutum waje. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kwanciya, ruwan ya ɗan yi duhu, babu kumfa, sai a ce ga inda ya dace da yara. Nan ne mafi muni. Gefen jerin duwatsu da bakin tabki su ma haka suke. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa ya nufo tudu kai tsaye, zai gaji. Ya bi gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga jan. Na tudu kuma kada ya faɗa ya bi shi, ya yi ihu ya kira masunta. Doguwar riga da hijabi in sun jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa. Ƙa'idar da ta dace da iyalinmu ita ce ruwa iya idon sawu, babba ɗaya riƙe da yaro ɗaya, fuska na kallon teku. A yawancin rairayin babu masu ceto. Wanda yaransa suka nace sai sun yi iyo, ya biya kuɗin kwamin wanka a ɗaya daga otal-otal na hanyar, ya fi arha a kan abin da ake gudu. Daga Yuni zuwa Satumba tekun ya fi hauka. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, ya fi sauƙi, ruwan sama ma ba ya ɓata tafiya.

A bar Aneho ƙarfe 3, don a riski gadar Lome da sauran rana. Wasu na cewa a fara da ita da safe, amma hakan na cinye lokacin tabki. Gada biyu aka yi a wurin. Jamusawa sun buɗe tasu a 1904, ta haura mita 300, saboda wannan igiyar da muka faɗa ba ta barin jirgi ya matso. Manyan jirage na tsayawa can nesa, ƙananan jirage su kawo kaya gindin gadar, injin ɗaga kaya ya ɗauke, mutane ma a cikin wani kwando ake ɗaga su. Daga kanta layin dogo ya tashi, wanda ya isa Aneho a 1905. Teku ya karya ta a 1911, aka gyara. Faransawa suka gina sabuwa kusa da ita a 1928, ita ta yi aiki har tashar zamani ta karɓe ta. Ƙarafan da suka fi fitowa a hoto na ta Faransawa ne, ko da masu rakiya na kiran komai na Jamusawa. Yau tsatsa ta cinye su, daɓen ya zube, babu abin takawa. Samarin gari kan hau, kada ɗanku ya bi su. A tsaya kan busasshen yashi a yi hoto, da jiragen da ke jiran shiga tasha jere a baya. Minti 20 ya isa. In da sauran lokaci, tsohuwar fadar gwamnan Jamus, da aka gyara aka buɗe wa jama'a a 2019, tana kusa, da lambu mai inuwa inda tsofaffi za su zauna; a tambayi ranakun buɗewarta tun da safe.

A sa takalmi a rairayin cikin gari, akwai fasassun kwalabe da ƙazanta a wasu wurare. Kada a ɗauki hoton tasha, sojoji ko gine-ginen gwamnati. Ranar Lahadi da yamma wurin cike yake maƙil, yaro na ɓacewa cikin minti guda, masu yankan aljihu kuma na aiki. Talata zuwa Alhamis sun fi. Kada magariba ta same ku a kan yashi.

Iyalin da ke da jariri ko tsoho mai rauni su cire Aneho, su tsaya a tabki da gidan bayi, su dawo gadar da la'asar, su kuma nemi ragi tunda hanyar ta ragu. Mutum biyu ko uku kuwa ba sa buƙatar motar yini, motocin haya na layin Aneho sun ishe su. Sauran rabin kuɗin direba a ba shi a ƙofar masauki, bayan an sauke yara an duba ƙarƙashin kujeru. Tufafin da suka sha ruwan gishiri a ɗauraye su da ruwan famfo a daren, in aka bar su cikin leda zuwa safe wari suke yi, zip da maɓallan ƙarfe kuma su fara tsatsa.